John Boyd Dunlop, Likitan Dabbobi da Tayar Keke

An haifi John Boyd Dunlop a shekarar 1840 a ƙauyen Dreghorn na ƙasar Sikotilan, iyayensa manoma ne. Ya koyi aikin likitan dabbobi a Edinbara, bayan wasu shekaru ya ƙaura zuwa Ayalan, ya zauna a birnin Belfast yana maganin dawaki da shanu.

A wancan zamani tayar keke dunƙulalliyar roba ce, ba ta da iska a ciki. Mahayi yakan sha jijjiga ƙwarai a kan titunan duwatsu. Dunlop yana da ɗa ƙarami mai hawan keke mai ƙafa uku. A 1887, da ya ga wahalar da yaron yake sha, sai ya samo fallen roba ya naɗe shi kamar hanji, ya hura masa iska, ya rufe shi da ƙyalle mai ƙwari, ya kafa shi a bakin wani faifan katako. Ya gangara faifan a tsakar gida tare da ƙafar keken yaron. Ƙafar keken ta faɗi tun da wuri, faifan kuwa ya ci gaba da tafiya har ya bugi ƙofa. A watan Disamba na 1888 aka ba shi takardar mallakar wannan fasaha.

Da farko mutane sun yi wa sabuwar tayar dariya saboda kaurinta. Amma a 1889 wani ɗan tsere mai suna Willie Hume ya yi amfani da ita a Belfast, ya lashe duk tseren da ya shiga. A shekarar nan Dunlop da wani ɗan kasuwa, Harvey du Cros, suka kafa kamfani a Dublin.

Sai matsaloli biyu suka taso. Ta farko, a 1890 aka gano cewa wani ɗan Sikotilan, Robert William Thomson, ya riga shi yin rajistar taya mai iska tun 1845, saboda haka takardar Dunlop ta rasa ƙarfinta. Ta biyu, tayarsa liƙe take da gam a jikin ƙarfen ƙafar keke. In ƙusa ta huda ta, sai an ɓanɓare ƙyallen, a yi faci, a sake liƙewa, a jira gam ya bushe, aikin da yakan ci awoyi. Charles Welch ne a Ingila ya sa waya a gefen taya a 1890, don a iya zare ta a mayar da hannu, kamfanin kuwa ya sayi fasahar tasa. A Faransa ma 'yan'uwan Michelin sun fito da tasu tayar mai cirewa a 1891. Shi ya sa a yau mai gyaran keke yake iya cire taya, ya zaro tif, ya yi faci, ya mayar cikin ɗan lokaci.

Dunlop ya janye daga harkar kamfanin, bai kuwa samu dukiya mai yawa daga gare shi ba. A 1896 aka sayar da kamfanin a kan fam miliyan 3. Ya rasu a Dublin ranar 23 ga Oktoba, 1921, yana da shekara 81.