Marigayi Manjo Janar Mamman Kontagora (1944–2013)

An haifi Mamman Kontagora ranar 20 ga Afrilu, 1944, kuma ɗan asalin Jihar Neja ta yanzu ne. Ya yi aikin soja a sashen injiniyoyi har ya kai muƙamin Manjo Janar.

A zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida ya riƙe Ma'aikatar Ayyuka da Gidaje ta Tarayya. A lokacinsa ne aka kammala gada ta uku da ta haɗa tsibirin Legas da sauran gari a 1990, aka kuma mayar da hanyar Kaduna zuwa Kano tagwaye.

Kafin wannan aiki, mai zuwa da mai dawowa titi ɗaya suke bi. Direban da ya fita hannunsa don ya wuce tirela yakan yi taho-mu-gama da motar da ke tafe. Raba hanyar biyu, tare da barin tazara a tsakiya, ya rage wannan haɗari, domin motar da ta ƙwace ba ta saurin faɗawa ɗaya hannun. Mutanen Bebeji da Kiru, da na Tudun Wada, Burumburum da Doguwa masu hawa titin a Kwanar Ɗangora, suna cikin waɗanda suka amfana.

Daga bisani ya zama Kantoman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya (1995–1998), sannan Ministan Abuja (1998–1999). Ya rasu ranar 29 ga Mayu, 2013. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.