Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da Ru'uyarsa

Masu karatu na Jega da Aliero da Maiyama ba su bukatar a gaya musu ko wane ne Shehu Usmanu. Amma ba kowa ya sani ba, abin da ya gani a ru'uya yana cikin abubuwan da suka kawo kafuwar Jega.

An haife shi a Maratta, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1754, ya girma a Degel. Ubansa Muhammadu Fodiyo malami ne. Ya yi karatu wurin malamai da yawa, amma wanda ya fi shiga zuciyarsa shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru. Tun yana da shekara 20 ya soma wa'azi, ya yi ta yawo a Kabi da Zamfara, talakawa suna bin sa.

Sa'ad da ya kai shekara 36, wani abu ya same shi wanda shi da kansa ya rubuta a littafinsa na wuridi. Ya ce an yaye masa lulluɓi, har idonsa yana ganin na nesa kamar na kusa, kunnensa kuma haka. Ya ce ya iske kalmomin wuridin a rubuce bisa haƙarƙarinsa na biyar na wajen dama. Wannan bai tayar da hankalin sarki ko ɗaya ba, gama addu'a ce kawai ya koya wa almajiransa.

Ta biyu ita ce babba. A 1794, yana da shekara 40 da wata biyar, ya ga kansa a tsakiyar taron annabawa da waliyyai. Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza tun 1166, ya kawo masa koriyar riga, ya naɗa masa rawani, sa'an nan ya rataya masa takobin gaskiya domin ya zare a kan maƙiya. Ku lura, 'yan'uwa, ba irin mafarkin nan ba ne da yake wartsakewa da asuba. Ya san inda yake, ya gane waɗanda suke wurin, ya kuwa riƙe dukan abin har ya sa shi a takarda. Mu da muka san labarin Yusufu da Daniyel ba za mu yi mamaki ba idan mutum ya ɗauki irin wannan da nauyi. Abin da ni na fi dubawa shi ne, shekara goma takobin nan ya yi a kube. Mai gaggawa da ya zare shi washegari.

Ana nan, Sarkin Gobir Nafata ya hana rawani da lulluɓi, ya hana kowa wa'azi sai Shehu kaɗai. Wani almajirin Shehu, Ba'are, mai suna Abdussalami, ya tashi da jama'arsa ya zauna a Gimbana, nan kusa da inda Jega take yanzu. Yunfa ya aika da yaƙi a ƙarshen 1803, aka ci garin, aka ɗaure mutane. Da aka biyo da su ta Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Daga nan ba sauran sulhu. A Fabrairu 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, a Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto. Birnin Kabi ya faɗi a 1805, Alƙalawa a 1808. Jinin da aka zubar a tsakani ba kaɗan ba ne, na kowane gefe.

Shi kansa bai zauna a gadon mulki ba. Ya raba ƙasar, yamma ga ƙanensa Abdullahi na Gwandu, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, ya koma ga koyarwa da rubutu. Ya rasu a Sakkwato ran 20 ga Afrilu 1817.

A shekarar nan Abdussalami ya yi wa Bello tawaye a Kware, aka kore shi da rauni, ya mutu a Bakura a 1818. Ɗansa Buhari ya komo wajen ƙasar Gimbana, ya shirya da Gwandu, ya kafa Jega.