Tomas Barnado da Masu Duba 'Ya'yan Riƙo

Karatu: Esta 2:5-11

Ya ɗan'uwa mai karatu, idan ka karanta wurin nan a hankali za ka ga abu biyu da Mordekai ya yi wa Hadassa. Na farko kowa ya san shi. Uwa da uba sun rasu, ya ɗauke ta ya riƙe kamar 'yar cikinsa. Na biyun ne ba mu cika jin wa'azinsa ba. Da yarinyar ta bar hannunsa ta shiga gidan sarki, inda ci da sha ba sa yankewa, bai koma gida ya miƙe ƙafa ba. Kowace rana sai ya bi ta gaban gidan matan domin ya ji lafiyarta, ya kuma san abin da ake yi da ita. Bawan Allah da za mu duba a yau ya ɗauki shekaru kafin ya kama wannan aiki na biyu. Inda ya kama shi yara sun tsira. Inda ya sake shi, za ka ji abin da ya faru.

An haifi Tomas Barnado a birnin Dabilin na ƙasar Ailan a shekara ta 1845. Ya ba da ransa ga Ubangiji Yesu a 1862, yana saurayi. Yana cikin samarin da wani mai bishara, Henry Grattan Guinness, yake koya wa Littafi Mai Tsarki sa'ad da Hudson Taylor ya zo ya yi musu maganar ƙasar Sin. Zuciyar Barnado ta kama wuta. A 1866 ya tafi Landan koyon aikin likita da nufin ya wuce Sin. Bai taɓa taka ƙasar ba. A shekarar da ya isa, cutar amai da gudawa ta kashe mutum sama da 3,000 a unguwannin talakawa na gabashin birnin, marayu suka cika titi.

Ya buɗe wata 'yar makaranta don yaran unguwa. Wata rana da dare an tashi, wani yaro mai suna Jim Jarvis ya ƙi tafiya, don ba shi da inda za shi. Barnado bai yarda ba da farko. Yaron ya ja shi cikin sanyi ya nuna masa yara kwance a kan rufin gidaje, ba bargo ba tabarma. A 1870 ya buɗe gidan yara maza na farko a unguwar Stepney. Don gudun bashi ya ƙayyade yawan waɗanda zai karɓa. Sai wani yaro ɗan shekara 11, John Somers, wanda ake kira Karas saboda jan gashinsa, ya zo neman wurin kwana aka ce masa wuri ya cika. Bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa, yunwa da sanyi sun kashe shi. Daga nan Barnado ya sa aka kafa allo a ƙofar gidan, cewa ba za a ƙara mayar da yaron da ba shi da kowa ba.

Wannan labari shi ne wanda masu wa'azi suka fi so, kuma yana da daɗin faɗa. Amma buɗe ƙofa ya jawo tambaya mai wuya: yaran da suka shigo fa, a hannun wa za su girma? Babban gida mai yara ɗari da mai tsaro ɗaya yana ciyarwa, yana tufatarwa, amma ba wanda ya san wane yaro ne ya yi kuka da dare. Bayan ya auri Syrie Elmslie a 1873, su biyu suka gwada wata hanya don 'yan mata. A 1876 suka buɗe wani ƙauye a Barkingside mai ƙananan gidaje, kowane gida da uwa ɗaya da 'yan matan da take lura da su. Abin ya fi babban gida kyau nesa ba kusa ba. Duk da haka gini ba ya tsiro kamar gero, yara kuwa kullum ƙaruwa suke yi.

A 1887 ya soma abin da mu a nan muka sani tun kaka da kakanni, wato riƙo. Ya aika yara maza 330 zuwa gidajen talakawan ƙauye, su ci abin da 'yan gida suke ci, su tafi makarantar garin da sujada tare da sauran yara. Ba shi ya ƙago dabarar ba, mutanen Sikotilan sun daɗe suna yin haka. Abin lura shi ne tsarin da ya ɗora a kai. Kafin a ba mutum yaro sai an binciki halinsa da ɗakin da yaron zai kwana. Mai riƙo yakan sa hannu a takardar alkawari, a riƙa ba shi ɗan kuɗin abinci kowane mako, don kada talaucinsa ya sa ya mai da yaron bawa. Sa'an nan a yankin akan sami wani amintacce, sau da yawa fasto ko wata dattijuwa mai tsoron Allah, wanda ya ɗauki nauyin duba yaran a matsayin hidima. Shi ke leƙa gidajen, shi ke rubuta wa Landan halin da ake ciki.

Barnado bai tsaya nan ba, don ya san halin ɗan Adam. Mai duba ɗan gari ne. Da mai riƙo suke cin kasuwa ɗaya, suke zama a benci ɗaya ran Lahadi. Kunya za ta iya rufe masa baki. Saboda haka ya ɗauki waɗansu mata, har da likita, aikinsu ke nan su zaga ƙauyuka, su faɗo gida ba sallamar jiya, su duba jikin yaro da tufafinsa da gadonsa. Duk abin da aka gani yana shiga littafi a babban ofis, inda kowane yaro yake da tarihinsa da hotonsa. In an ga gida bai dace ba a ɗauke yaron. Kafin Barnado ya rasu, yaran da suke hannun riƙo ta wannan hanya sun kai wajen 4,000. A 1889 ma ya ƙara wani abu da mutanen zamaninsa da yawa ba su so ba. Yarinyar da ta haihu ba aure, sai a ba da jaririnta riƙo kusa da gidan da take aiki, domin ta riƙa ganinsa ranar hutunta.

Bari in tsaya a nan, mai karatu, mu dubi namu. A Madekali da Malanbil da ƙauyukan bakin Kwara, da wuya ka shiga gida uku ba ka sami ɗan riƙo ba. Wani uwarsa ce ta rasu, wani an kawo shi ne don makaranta, wata an ba gwaggonta da ba ta haihu ba. Al'ada ce mai kyau, ta rufa wa marayu asiri tun kafin a san gidan marayu a ƙasashenmu. A dā kuwa tana da masu tsaronta, domin kaka tana bayan katanga, kawu yana wucewa ran kasuwa. Yanzu yaro yana Kwatano ko Faraku, ko ya haye Gaya, ko ya bi ta Lolo ya shiga Nijeriya. Da aka rufe gadar Malanbil da Gaya a 2023, kowa ya ga yadda ziyarar ɗan'uwa a ƙetare ta koma sai da kuɗin jirgin ruwa da fargaba. A kudancin ƙasarmu yaran da ake kira bidomegon sun nuna abin da riƙo yake zama idan ido ya ɗauke: yarinya tana talla tun asuba, 'ya'yan gida suna aji. Dokar yara ta Benin ta 2015 ta hana irin wannan cin zali. Amma doka ba ta da ƙafa. Sai wani ya je.

A ganina ikilisiyar da ba ta da kuɗin gina ko ɗaki ɗaya za ta iya wannan hidima. Mata biyu ko uku daga zumuntar mata da dattijo ɗaya sun isa a fara. Wahalar tana wurin mai haɗa su. Shi zai san sunan kowane ɗan riƙo a gidajen 'yan ikilisiya, ya san wa ke zuwa wurin wa. Kada ya aiki mutum gidan surukinsa ko gidan wanda yake binsa bashi. Kada ya ɗora wa mace ɗaya yara goma don ta fi kowa himma, za ta gaji ta bari kafin kaka. In mai duba ta dawo, ya zauna ya saurare ta. Ina yaron yake kwana? Da wa yake cin tuwo? Malamin makaranta ya san fuskarsa? Ya kuma tuna mai riƙo ba abokin gāba ba ne. Sau da yawa gwauruwa ce da ta ƙara baki ɗaya a kan bakuna shida, abin da take bukata tiya biyu ta shinkafa ce da wanda zai ce mata sannu. Amma in an ga tabon duka ko abin da ya fi haka muni, magana ta wuce a yi addu'a a yi shiru. A kai ta ga mai gari da ma'aikatan jin daɗin jama'a na gwamnati.

Mu koma ga Barnado, don akwai sauran labari, kuma ba mai daɗi ba ne. Mutum ne mai zafin rai, ba ya son a gaya masa. Ya riƙa amsa sunan likita kafin ya sami takardarsa a 1876. A 1877 aka bincike shi a kan zarge-zarge da dama. An wanke shi daga manyansu, amma an same shi da laifin shirya hotunan yara yadda za su fi ba da tausayi don a sami gudummawa. Tun daga lokacin aka kafa kwamiti a kan aikin, na kuwa tabbata alheri ne Allah ya yi masa ko da bai ji daɗinsa ba. Mai duba waɗansu, shi ma yana bukatar mai duba shi.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne yadda yakan riƙe yara ko ya ɓoye su daga iyayen da shi a ransa ya yanke cewa ba su cancanta ba. An kai shi kotu sau 88. A 1888 aka karɓi wani yaro, Harry Gossage, da yardar uwarsa. Ba a daɗe ba aka nemi a mai da shi gidan yara na Katolika. Barnado kuwa ya miƙa shi ga wani mutum da ya tafi da shi Kanada, ba tare da an riƙe adireshi ba. Shari'a ta yi shekaru, Barnado bai iya kawo yaron ba. Mutumin da yake aika likita ta duba gadon yaro a ƙauyen Ingila, shi ne ya ba da wannan kamar an ba da ɗan akuya. Mu da muke zaune cikin maƙwabta Musulmi, mu ji wannan da kyau. Taimakon ɗan wani bai ba mu ikon raba shi da iyayensa ko danginsa ba, ko da muna ganin mun fi su sanin abin da zai amfane shi.

Tun daga 1882 ya riƙa tura yara Kanada ƙungiya ƙungiya, yana ganin can za su sami gona da sabuwar rayuwa. Kafin a daina a 1939, gidajensa sun tura wajen 30,000. Waɗansu sun yi albarka. Amma gonakin suna nesa da juna, masu duba kaɗan ne, yaro yakan yi watanni da yawa bai ga wanda zai kai wa kuka ba. Cikinsu akwai waɗanda aka ɗauke daga hannun uwar riƙon da ta goye su shekara da shekaru, aka sa su a jirgi. A 1895 wani yaro ɗan shekara 15, George Green, ya mutu a wata gona a lardin Ontariyo 'yan watanni bayan isarsa, a rame, jikinsa duk miki. An kai matar da yake wa aiki kotu, masu yanke hukunci suka kasa daidaita baki. A 2010 Firayim Ministan Birtaniya, Gordon Brown, ya tsaya a majalisa ya roƙi gafara a kan yaran da ƙasar ta tura ƙetare ta irin wannan hanya.

Wataƙila kana ganin labarin Turawa ne mai nisa da mu. Akwai zaren da ya iso wajenmu. Guinness, malamin Barnado, yana da 'ya mai suna Lucy, wadda ta auri Karl Kumm, wanda ya kafa mishan ta SUM a 1904. Ta rasu a 1906. Don tunawa da ita aka buɗe gidan yaran da aka 'yanto daga bauta a Rumasha, bakin kogin Binuwai, a 1909, aka kwaso yara daga gidan gwamnati na Zungeru aka kai can.

Barnado bai ga wannan ba. Ciwon zuciya ya daɗe yana damunsa, likitoci suna cewa ya huta, shi kuwa yana aiki har tsakar dare. Cikin 'ya'yansa bakwai, uku sun riga shi tafiya suna yara. Ya rasu ran 19 ga Satumba 1905 yana da shekara 60, ya bar gidaje 96 da yara sama da 8,500 a hannun ƙungiyarsa, da bashi mai yawa. An binne shi a Barkingside, a tsakiyar ƙauyen 'yan matan. Ƙungiyar tana nan da sunansa a Birtaniya. Ta rufe gidan marayunta na ƙarshe irin na dā a 1989, ta ci gaba da neman iyalai masu riƙo, da horar da su, da aika masu zuwa dubawa.