Nano Nagle, Mace Mai Fitila

A makarantun 'yan mata na Katolika a kan raba ɗalibai gida gida, kowane gida da sunan wani bawan Allah da ya riga mu. Inda a ke da gida mai suna Nagle, sau da yawa alamarsa fitila ce. Tun da ya ke muna nazarin misalin budurwai goma cikin Matiyu sura 25, ya kyautu mu san mai wannan fitila.

An haifi Nano Nagle a ƙasar Ailan cikin shekara ta 1718, a gidan wadata. A zamanin nan dokar da Ingila ta kafa ta hana Katolika buɗe makaranta a ƙasar, saboda haka iyayenta suka aike ta Faransa ta yi karatu. A birnin Paris ta saba da ado da biki. An ce ran nan da asuba tana komowa daga wurin rawa, sai ta ga talakawa tsaye a ƙofar majami'a, suna jiran a buɗe su yi sujada kafin su tafi aiki. Abin nan ya tsaya mata a rai.

Bayan ta koma ƙasarsu, wajen 1754, ta kama hayar wani ɗan ɗaki a birnin Cork, ta tara 'yan mata kamar 30, 'ya'yan matalauta, tana koya musu karatu da ɗinki da hanyar Almasihu. Ko ɗan'uwanta da ta ke zaune a gidansa bai sani ba, gama aikin laifi ne ga doka, yana kuwa iya jawo wa dangin duka hasara. A 1769 makarantun sun kai 7, na mata 5, na maza 2. In an tashi daga makaranta, ta kan ɗauki fitila ta bi lunguna da dare tana duba marasa lafiya da tsofaffi. Dukiyar da ta gada ta ƙare cikin wannan hidima, har wadda dā ta ke rawa a Paris ta koma roƙo domin yaran.

Akwai wani abu da mu ke gani ya fi nuna halinta. A 1771 ta kawo sistoci na ƙungiyar Ursula, ta gina musu gida da kuɗinta, amma ka'idarsu ba ta yarda su fita bayan ganuwa ba, matalauta kuwa a waje su ke. Ba ta janye musu taimako ba, ba ta kuma bar lunguna ba. Ran jajiberin Kirsimeti na 1775 ta soma wata ƙungiya da mata uku, waɗanda za su riƙa zuwa inda masu bukata su ke. Ita ce daga baya aka sani da sunan Presentation, don tunawa da miƙa Maryamu a Haikali.

Tarin fuka ya cinye ƙarfinta, ta rasu ran 26 ga Afrilu, 1784, aka binne ta a Cork. A 2013 Paparoma Francis ya sa ta cikin bayin Allah waɗanda Ikkilisiya ta shaida nagartarsu.