Li Dongyuan, Likitan Da Ya Ɗora Lafiyar Jiki A Kan Tumbi

An haifi Li Gao, wanda aka fi sani da Li Dongyuan, a shekarar 1180 a garin Zhending, cikin lardin Hebei na ƙasar Sin a yau. Ɗan gidan masu hannu da shuni ne. Yana saurayi mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, likitoci suka yi ta zarya, har ta rasu ba wanda ya gano abin da ke damunta. Baƙin cikin wannan rashi ne ya sa ya kashe dukiya mai yawa don neman ilimin magani a wurin shahararren malami Zhang Yuansu.

A shekarar 1232 sojojin Mongoliya suka yi wa birnin Kaifeng, hedkwatar daular Jin, ƙawanya. Bayan sun sassauta, mutane dubbai suka riƙa mutuwa kowace rana. Likitocin birnin sun ɗauka cutar daga waje ta shiga jiki, saboda haka suka yi ta ba da maganin sa gumi da na gudawa. Li, wanda ke cikin birnin, ya saɓa musu. A ganinsa yunwa da wahala da fargaba sun riga sun raunana tumbi, sa'an nan aka cika shi da abinci farat ɗaya, magungunan kuwa suka ƙarasa shi. Wasu masu bincike na wannan zamani dai suna ganin annoba ce ta afka wa birnin.

A littafinsa Pi Wei Lun, wato bayani kan saifa da tumbi, wanda ya kammala a 1249, ya nuna cewa cin abinci ba bisa ƙa'ida ba, da gajiya, da fushi ko damuwa, su ne tushen cututtuka da dama. A fahimtar likitancin Sinawa, ɓacin rai kan cushe ƙarfin hanta, ita kuma ta danne saifa. Haɗinsa mafi shahara, Buzhong Yiqi Tang, ya ƙunshi magunguna 8, ciki har da saiwar huangqi da ginseng da busasshen ɓawon lemo, da kuma chaihu, wanda ake amfani da shi wajen warware cushewar hanta.

Ya rasu a 1251, ya bar rubuce-rubucensa a hannun almajirinsa Luo Tianyi. Har yanzu ana sarrafa wannan haɗin a Sin da Koriya da Japan, inda likitocin asibiti ke rubuta wa marasa lafiya shi.