Benedikt na Aniyan: Mutumin Da Ya Tattara Ƙa'idodin Zuhudu

An haifi Benedikt wajen shekara ta 750 a kudancin Faransa ta yau. Sunansa na yanka Witiza, mahaifinsa kuwa basarake ne. Ya girma a fada, ya yi wa Sarki Pepin hidima, sa'an nan Sarki Shalaman. A lokacin yaƙin Italiya, saura kaɗan kogi ya cinye shi yana ƙoƙarin ceton ɗan'uwansa. Daga nan ya bar soja, ya shiga gidan zuhudu kusa da Dijon a 774.

Da farko ya ɗauka tsanani shi ne tsarki. Ya gallaza wa jikinsa da azumi da rashin barci, yana raina Ƙa'idar Benedikt na Nursiya, yana ganin ta rarrauna ce. Ya fi son tsarin Basil da na Pakomiyus na Masar. Amma da ya kafa nasa gidan a Aniyan, a ƙasar gādonsa, almajiransa na farko suka kāsa jurewa, suka watse. A nan ya gane cewa kayan da 'yan'uwa ba za su iya ɗauka ba, ba ya gina jama'a. Sai ya rungumi ƙa'idar da ya raina.

Domin ya gamsar da masu shakka, ya tattara tsoffin ƙa'idodin Gabas da Yamma, aka kwafe su da hannu a kan fata cikin kundi guda. A littafi na biyu kuma ya bi Ƙa'idar Benedikt babi babi, yana jera abin da magabata suka koyar a kan kowace magana, don a ga bakinsu ɗaya ne. Wannan aiki ya taimaki Ismaragdus, wanda ya rubuta sharhi a kan Ƙa'idar bayan tarurrukan Aken na 816 da 817, inda Benedikt ya yi ja-gora a ƙarƙashin Sarki Luwis.

Ya rasu ran 11 ga Fabrairu, 821. Wani tsohon kwafin kundinsa yana ajiye a birnin Munik, ta hanyarsa kuma waɗansu ƙa'idodi suka tsira daga ɓata. Iyaye da shugabannin Ikkilisiya suna da abin koyo a nan: horon da ke ɗorewa shi ne wanda mai ƙarfi da marar ƙarfi za su iya bi tare.