Komodus: Sarkin Rum da ya fi son kirarin fage a kan gadon sarauta

An haifi Komodus ranar 31 ga Agustan shekarar 161 miladiyya a kusa da birnin Rum. Mahaifinsa, Markus Aureliyas, sarki ne mai ilimi da kamun kai. Da ya rasu a shekarar 180, daula ta koma hannun ɗansa mai shekara 18. Saurayin ya yi sulhu da ƙabilun da ake yaƙa a bakin Kogin Danub, ya koma gida, hankalinsa ya tafi fagen faɗan takobi.

Masu wannan faɗa yawancinsu bayi ne, da fursunonin yaƙi, da waɗanda aka yanke wa hukunci. Dandalin Kolosiyam yana ɗaukar 'yan kallo kusan 50,000, suna yi musu shewa, amma a idon doka ba su da mutunci. Ko a ƙasar Hausa, Ɗan Anace ya wasa Shago har sunansa ya game ko'ina, duk da haka ba mai tsammanin ganin sarki ya ajiye rawani ya ɗaure hannu a fagen dambe.

Komodus ya yi wanda ya fi haka. Sai dai abin da ke sa a girmama bawan da ya shiga fage shi ne ransa da ya sa a kasada. Sarki kuwa takobin katako yake riƙewa a bainar jama'a, kuma wa zai yarda ya kayar da shi? Kullum shi ke da nasara, kuma duk ranar da ya fito ana biyansa sestas miliyan ɗaya, kuɗin Rum na lokacin.

Marubucin tarihi Kasiyus Diyo, ɗan majalisar dattawa, ya halarci wasannin kwana 14 na shekarar 192. Ya ce a ranar farko sarkin ya kashe dabbobin beyar 100 da masu, yana tsaye daga sama inda ba za su kai gare shi ba. Wata rana ya fille kan jimina, ya nufo dattawa da kan a hannu ɗaya, takobi mai jini a ɗayan, yana murmushi. Barazana ce, amma dariya ta kama Diyo, ya shiga tauna ganyen kambin da ke kansa don kada a gani, domin dariyar na iya jawo masa kisa.

Da aka ji yana shirin buɗe shekarar 193 cikin kayan masu faɗan takobi, na jikinsa suka haɗa baki. Ranar 31 ga Disamban 192 ƙwarƙwararsa Marsiya ta sa masa guba, ya amayar. Aka turo Narsisus, ɗan kokawar da yake atisaye da shi, ya shaƙe shi a wurin wanka. Yana da shekara 31.

Majalisa ta ayyana shi maƙiyin ƙasa, aka rushe gumakansa, Patinas ya hau gado.